Motar da ke Shan Rake: Yadda Barazil ta Rage Dogaro da Man Ƙetare

A gidajen man ƙasar Barazil, famfo biyu mai ƙaramar mota yake tararwa: ɗaya na fetur, ɗaya na etanol, wato man da ake tatsa daga rake. Kafin ya ce a zuba, sai ya ɗaga kai ya dubi allon farashi, ya yi wani ɗan lissafi da kowane direba ya haddace. Idan kuɗin litar etanol bai kai kashi 70 cikin ɗari na kuɗin litar fetur ba, etanol zai sha. Idan ya haura haka, sai ya matsa famfon fetur. Dalili kuwa, etanol bai kai fetur auki ba. Nisan da lita bakwai ta fetur za ta kai mutum, sai ya ƙona wajen lita goma ta etanol kafin ya kai. Ita motar babu ruwanta, kowanne aka ɗura mata za ta sha, ko da an gauraya su a tanki ɗaya. Fetur ɗin ma ba zalla ba ne, domin tun ranar 1 ga Agustan 2025 doka ta wajabta kashi 30 cikin ɗari na kowace lita ya zama etanol.

Shugabanni da yawa sun hau mimbari sun yi alkawarin raba ƙasashensu da man ƙetare. Barazil na cikin 'yan ƙalilan da suka yi abin da ido ke gani, kuma ta kwashe shekara hamsin tana yi. Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake tsakiyarsa, wato shekarun da shirin ya durƙushe har mutane suka riƙa neman kai da motocinsu. A waɗannan shekarun ne aka fi gane abin da ke riƙe da irin wannan shiri.

Daga Gabas ta Tsakiya abin ya taso. A watan Oktoban 1973, cikin azumi, Masar da Siriya suka gwabza da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai kuma suka rage haƙo, suka hana sayar wa Amurka da wasu masu mara wa Isra'ila baya. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Faɗuwar wani tashin wani. A Najeriya kaka ce ta yanke saƙa: aka yi rabon kuɗin ƙarin albashi na Udoji, jiragen siminti ɗaruruwa suka yi cincirindo a gaɓar Legas suna jiran saukewa. A Barazil kuwa ciki ne ya ɗuri ruwa. Wajen kashi 80 cikin ɗari na man da take sha daga waje yake zuwa, ga shi tun shekarun 1950 ta ɗora rayuwarta kan kwalta da mota, ta yi sakaci da jirgin ƙasa. Tattalin arzikinta da ke haɓaka da wajen kashi 10 cikin ɗari duk shekara tun 1968 ya sha birki, kuɗin da take kashewa kan sayen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin shekara guda.

Soja ke mulki a lokacin. Janar Ernesto Geisel, wanda ya karɓi ragama a watan Maris na 1974, daga shugabancin kamfanin mai na ƙasa, Petrobras, ya fito, saboda haka ya san ta inda dalar ƙasar ke zurarewa. Ana cikin haka sai wata matsalar ta kunno kai. Farashin sukari, wanda ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya a ƙarshen 1974, ya rikito a 1975, daidai lokacin da masu masana'antun sukari suka gama cin bashi suka faɗaɗa injinansu. Ga gwamnati na neman abin da za ta zuba a tanki, ga attajiran rake, masu faɗa a ji a siyasar ƙasar, suna neman inda za su kai hajarsu. Ranar 14 ga Nuwamban 1975 Geisel ya sa hannu kan doka mai lamba 76,593, wadda ta kafa shirin da ake kira Proálcool. Yau ana yabon shirin da hangen nesa, kuma ya cancanci yabon, amma a gaskiya rabinsa ceton masu gonakin rake ne.

Rake dai ba baƙo ba ne a ƙasar. Tun shekarun 1530 Turawan Fotugal suka fara shuka shi, kuma da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka aka noma shi fiye da shekara ɗari uku. Cikin bayin har da Hausawa da aka kai yankin Bahia a farkon ƙarni na 19, waɗanda tarihin ƙasar bai manta da boren da suka ƙulla a 1807 da wanda suka yi a 1814 ba. Zuba wa mota ruwan rake ma ba a 1975 aka fara ba. Tun 1931 gwamnatin Getúlio Vargas ta ce a riƙa gauraya kashi 5 cikin ɗari na etanol a fetur ɗin da aka shigo da shi. Abin da Geisel ya yi shi ne ya ɗauki wannan tsohuwar dabara ya zuba mata kuɗin gwamnati.

Yadda ake tatsar man

Da zarar an sare rake, zaƙinsa zai fara raguwa, don haka cikin kwana ɗaya ko biyu ake son a matse shi. Wannan ya sa masana'anta take zaune a tsakiyar gonaki, tireloli na shige da fice dare da rana tun daga Afrilu har Nuwamba. In an matse ruwan, mai masana'anta na da hanya biyu. Ko ya dafa shi ya fitar da sukari, ko ya zuba masa yis ya bar shi ya tsima na wasu sa'o'i, sannan a tafasa shi a kama tururin, shi ne etanol. Iri biyu ake yi: mai ɗan ragowar ruwa, wanda ake zubawa a tanki kai tsaye, da wanda aka tsane ruwansa sarai, wanda ake gaurayawa da fetur. Tan ɗaya na rake kan ba da wajen lita 80.

Babban sirrin rake a tuƙarsa yake. Abin da ya rage bayan an matse ruwan, shi ake ƙonawa a samu tururin da ke juya injina da wutar da masana'anta ke buƙata, har a sayar wa layin wutar ƙasa da rara. Ke nan rake da itacen girkinsa yake zuwa. Shi ya sa masu bincike na Barazil suka ƙiyasta cewa makamashin da ake samu daga etanol ɗin rake ya ninka wanda aka kashe wajen noma da sarrafa shi kusan sau takwas, alhali na masara da ake yi a Amurka da ƙyar yake ninkawa biyu. Rashin wannan ne ya kashe rogo. Shirin 1975 ya sa rai da rogo, don amfanin gonar talaka ne, har Petrobras ta gina masana'antarsa a garin Curvelo na jihar Minas Gerais. Amma rogo sitaci ne, sai an fara mai da shi sukari kafin ya tsima, ba shi da tuƙar ƙonawa, ƙananan manoma kuma ba su iya cika injin kullum ba. Masana'antar ba ta yi nisan kwana ba.

Matakin farko mai sauƙi ne. Gwamnati ta ba da rance mai kuɗin ruwa ƙasa da hauhawar farashi, wanda kusan kyauta ke nan, aka jingina injinan etanol a jikin masana'antun sukari, aka riƙa ƙara shi a fetur har zuwa wajen kashi 20 cikin ɗari, adadin da injin mota ke ɗauka ba tare da an taɓa shi ba. Abin da ake samarwa ya tashi daga wajen lita miliyan 600 a 1975 zuwa lita biliyan 3.4 cikin shekara biyar. A gefe guda kuma, a cibiyar binciken jiragen sama ta sojoji da ke São José dos Campos, wani injiniya mai suna Urbano Ernesto Stumpf na ta kwance injina yana ɗaurawa don su sha etanol zalla. A 1976 ayarinsa ya zagaya ƙasar da motoci uku, cikinsu har da Bosuwaja mai ƙirar kunkuru, suka ci dubban kilomitoci da etanol kaɗai.

Sai ga 1979. Juyin juya halin Iran ya sake harba farashin mai sama, har ta kai kusan rabin kuɗin kayan da Barazil ke shigowa da su a kan mai yake tafiya. A watan Yulin shekarar kamfanin Fiat ya fito da ƙirar 147, motar farko a duniya da aka ƙera da yawa don ta sha etanol zalla. Jama'a suka yi mata laƙabi da sunan barasar rake ta ƙasar, saboda warin da ke fita daga salansarta. Sinadarin ai ɗaya ne da na cikin giya, sai dai wannan na injin ne. Gwamnati ta zauna da masu ƙera motoci aka ƙulla yarjejeniya, sannan ta jero abubuwan jan hankali. Aka umarci gidajen mai su kafa famfon etanol. Aka ɗora wa Petrobras saye da rarrabawa. Aka yi alkawarin farashinsa ba zai wuce kashi 65 cikin ɗari na fetur ba, daga baya ma aka sauke zuwa 59. Aka rage harajin motar etanol, aka sauƙaƙa wa 'yan tasi sayenta. Kai, a lokacin da ake rufe famfon fetur a ƙarshen mako don tsimi, an bar mai motar etanol ya sha ranar Asabar.

Motocin farko sun ba masu su wahala. Etanol na cin ƙarfe, sai kafireto da tanki su yi tsatsa. Da sanyin safiya mota ta ƙi tashi, sai an yi ta fama. Bakanikai marasa ƙwarewa suka shiga juya injina barkatai, abin da ya ɓata wa shirin suna har ciniki ya faɗi a 1981. Kamfanoni suka koma suka shafe sassan injin da ƙarafan da ba sa tsatsa, suka maƙala wani ɗan ƙaramin tankin fetur a gaban mota don tayar da ita kawai. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, fiye da tara cikin kowace sababbin ƙananan motoci goma da aka sayar a Barazil na etanol ne, ƙasar na samar da wajen lita biliyan 12 a shekara.

Wanda ya biya farashin wannan nasara ba ya cikin hotunan talla. Da adda ake sare raken. Da yamma a cinna wa gona wuta don ganyen ya ƙone, toka ta rufe garuruwa, asibitoci su cika da masu tari. Tun kafin asuba a kwashi lebura a bayan manyan motoci, yawancinsu 'yan ci-rani daga arewa maso gabashin ƙasar mai fama da fari, kowa da ɗan ƙunshin abincinsa da zai ci a sanyaye a bakin gona. Ba a biyan kwana sai nauyin abin da mutum ya sare, kuma a shekarun baya-bayan nan na aikin hannu, tan goma zuwa sha biyu ake so lebura ya kayar a yini. A watan Mayun 1984 masu sara a garin Guariba na jihar São Paulo suka tsunduma yajin aiki, bayan an ƙara yawan layukan da kowa zai sare daga biyar zuwa bakwai. 'Yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rai, amma aka koma layi biyar. Ƙorama ma ta ji jiki, domin kowace litar etanol na barin sama da lita goma ta wani ruwa mai ɗoyi da ake malalawa a koguna, kifi ya yi ta mutuwa, kafin a gano cewa taki ne a fara mai da shi gona. Sai a 2007 jihar São Paulo ta cimma yarjejeniya da masu masana'antu kan daina ƙona gonaki. Yau injina ke yin kusan duk girbin a yankin, hayaƙi ya ragu, dubban lebura kuma sun rasa abin yi.

Shekarar da famfo ya ƙafe

A 1986 farashin ɗanyen mai ya rushe, ganga ta sauko ƙasa da dala 15. Etanol da ake tallafawa don ya yi gogayya da mai mai tsada, sai ga shi yana gogayya da mai mai araha. Soja sun miƙa mulki a 1985, sun bar wa farar hula tulin bashi. A 1987 ƙasar ta dakatar da biyan kuɗin ruwan bashin waje, a 1989 hauhawar farashi ta haura kashi dubu cikin ɗari. Gwamnati ta janye rancen gina sababbin masana'antu, ta danne farashin da take biyan masu samarwa, amma ta bar rangwamen da ke sa mutane sayen motar etanol. Motoci na ƙaruwa, man da za su sha na tsaye wuri ɗaya. Ana haka sai sukari ya yi daraja a kasuwar duniya. Mai masana'anta ba waliyyi ba ne. Ya karkata ruwan rakensa zuwa sukari, ya loda a jirgi, ya karɓi dala.

A ƙarshen 1989 famfon etanol ya ƙafe a birane da dama. Motoci sama da miliyan huɗu ba su san wani mai ba sai shi. Mai motar fetur ya zo ya sha ya wuce, shi kuwa wanda ya amsa kiran kishin ƙasa ya sayi motar rake yana nan a layi. Ƙasar da ta shiga wannan shiri don ta daina sayen mai daga waje, sai ga ta tana sayo etanol da metanol daga waje don ta toshe giɓi. Ƙarancin bai daɗe ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga kusan kashi 90 cikin ɗari na sababbin motoci a 1988, kason motar etanol ya faɗo ƙasa da kashi 15 a 1990. Shugaba Fernando Collor ya rushe hukumar sukari da etanol da aka kafa tun 1933. A 1997 motocin etanol da aka sayar a duk faɗin ƙasar ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba.

Babu abin da ya samu injin, raken ma bai daina tsiro ba. An ɗaure mai mota ne da mai guda ɗaya, aka bar mai masana'anta da kasuwa biyu, aka dogara da aljihun gwamnati ya daidaita tsakaninsu. Ranar da aljihun ya huje, direba aka bari riƙe da igiya.

Abu biyu suka hana masana'antar mutuwa kwata-kwata, kuma duka biyun ba masu hayaniya ba ne. Na farko, ba a taɓa daina gaurayawa ba. Wata doka ta 1993 ma ta tsayar da shi a kashi 22 cikin ɗari, don haka ko mutumin da ya rantse ya rabu da etanol, yana shan sa a cikin feturinsa. A ganina wannan doka ta fi duk wani bikin ƙaddamarwa yi wa Barazil aiki, domin ita ta ba mai zuba jari tabbacin kasuwa ko wace jam'iyya ke mulki. Na biyu, masu bincike a Piracicaba da Campinas da jami'o'in ƙasar ba su ajiye aiki ba. Suka yi ta fitar da sababbin irin rake masu jure cuta da yawan zaƙi, da yis mai saurin aiki, har abin da hekta ɗaya ke bayarwa ya ninka kusan sau uku, daga wajen lita 2,000 a 1975 zuwa 6,000 ko fiye. Lokacin da gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade farashi a ƙarshen shekarun 1990, etanol ya riga ya iya tsayawa da ƙafarsa.

A watan Maris na 2003 kamfanin Volkswagen ya fito da ƙirar Gol mai shan kowanne. Dabarar ba ta da tsada: wata 'yar na'ura a salansa tana auna iskar da ke cikin hayaƙi, kwamfutar motar ta gane abin da aka zuba a tanki, ta daidaita yawan man da take fesa wa injin. Gwamnati ta ba irin waɗannan motoci rangwamen harajin da take ba na etanol. Cikin shekara huɗu suka mamaye kasuwa, har sama da takwas cikin goma na sababbin motoci suka zama irinsu. A 2009 Honda ta fito da babur mai wannan tsari daga masana'antarta ta Manaus, kamfanin Embraer kuma tun kafin nan ya fara sayar da jirgin feshin gona mai shan etanol. Mutanen da suka guji etanol suka dawo masa da ƙafarsu, ba wanda ya yi musu wa'azin kishin ƙasa. Tsoron layi ne ya kau. In sukari ya yi tsada masana'antu suka karkata can, farashin etanol zai hau, direba ya koma fetur ya jira kaka. Yau Barazil na samar da sama da lita biliyan 30 a shekara, Amurka kaɗai ke gabanta, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar na wannan daga masarar jihar Mato Grosso da maƙwabtanta yake fitowa.

Ranar 21 ga Afrilun 2006 Shugaba Lula da Silva ya hau dandamalin haƙar mai na P-50 a cikin teku, ya tsoma hannuwansa a ɗanyen mai ya ɗaga wa masu ɗaukar hoto, ya shelanta cewa Barazil ta wadatu da man kanta. Wurin da ya zaɓa ya faɗi gaskiyar da masu yabon rake kan ɓoye. A shekarun da ake ta shuka rake, Petrobras na can tana koyon haƙa a ƙarƙashin ruwa mai zurfi a yankin Campos, gaɓar Rio de Janeiro. Ƙasar da ba ta haƙo ganga dubu 200 a rana a shekarun 1970, yau tana haƙo sama da miliyan uku. Rake ya rage ƙishin, teku ta ƙaro ruwan. Wanda ya ce ɗaya ne kaɗai ya yi aikin bai duba lissafi ba.

Man da aka samu ma ya so ya zame wa rake ajali. Daga 2011 zuwa 2014 gwamnatin Dilma Rousseff ta danne farashin fetur don ta daƙile hauhawar farashi, ta soke wani harajin da ke kansa, Petrobras na sayowa da tsada daga waje tana sayarwa da asara. Tunda etanol ba ya sayuwa sai in yana ƙasa da kashi 70 na kuɗin fetur, danne fetur danne shi ne. Masana'antu da dama suka rufe, wasu suka faɗa hannun masu bin bashi. Duk ƙasar da ke tallafa wa fetur, to da kuɗinta take yaƙar duk wani makamashi da ke son maye gurbinsa.

Akwai kuma ramin da rake bai cike ba, shi ne dizal. Tun 1976 Barazil ta hana ƙananan motoci amfani da shi don a bar wa tireloli da motocin safa da taraktoci, amma har yau wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wanda take sha sayowa take yi, kuma a 2023 Rasha ce ta fi kowa sayar mata. Gwamnatin Lula ta kawo shirin dizal na tsirrai a 2004, da burin talakawan arewa maso gabas su noma zurma su sayar. Zurma ta bi sahun rogo. Man waken suya na manyan gonaki ne ya cinye kasuwar, yanzu ana gauraya kashi 15 cikin ɗari. A watan Mayun 2018 direbobin manyan motoci suka tare hanyoyi na wajen kwana goma saboda tsadar dizal. Kasuwanni suka yi fayau, jirage suka rasa mai, shugaban Petrobras ya ajiye aiki. Famfon etanol ma ya ƙafe tare da na fetur, domin tankar da ke kawo shi dizal take sha.

Ina Najeriya a ciki?

Matsalar Najeriya juyin ta Barazil ce. Tana da ɗanyen mai, amma ta shafe shekaru tana sayo kusan duk feturinta daga waje, matatunta huɗu na Fatakwal da Warri da Kaduna na kwance, har sai da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Ta kuma taɓa leƙa littafin Barazil. A 2007 aka fitar da manufar man tsirrai wadda ta tanadi gauraya kashi 10 cikin ɗari na etanol, kamfanin NNPC ya rattaba hannu da jihohi irin su Kebbi da Binuwai da Ondo kan gonakin rake da rogo. Har yau direba bai ga famfon ba. Ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin da ake sayar da litar fetur ƙasa da naira 200 da kuɗin tallafi, babu mai hankalin da zai zuba biliyoyi a gonar da za ta yi gogayya da ita. Cire tallafin da aka yi ranar 29 ga Mayun 2023, duk da azabar da ya jefa mutane, ya kawar da wannan shinge.

Hanyar da gwamnati ta kama yanzu ta iskar gas ce, wadda ƙasar ke da ita jibge. Motar da aka juya zuwa gas tana riƙe da tankinta na fetur, don haka mai ita ba zai shiga irin tarkon 1989 ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin sha. Direban da ya ci bashi ya juya motarsa ko adaidaita sahunsa, sannan ya riƙa kwana a layin gidan gas ɗaya tilo a gari, shi zai hana abokan aikinsa goma juyawa. A Arewa kuma wadatar gas ɗin na rataye da bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka fara shimfiɗawa a 2020.

Shi kuwa rake, wanda muke gani a fadamun Makarfi da sauran wurare na sha ne da na mazarƙwaila, ba irin masana'anta ba ne. Raken São Paulo ruwan sama ke shayar da shi. Shuka ce mai shekara a gona, tana neman ruwa milimita 1,500 ko fiye, abin da daminar Kano ko Sakkwato ba ta bayarwa, don haka a nan sai da madatsa da ban-ruwa, kamar yadda ake yi a Numan. Lissafin ma a fili yake. In ƙasar na shan wajen lita miliyan 50 ta fetur a rana, kashi goma cikin ɗari lita miliyan biyar ke nan, kusan biliyan 1.8 a shekara. Ko da an samu yabanya irin ta Barazil, sai an shuka hekta wajen dubu 300, wanda ya ninka duk gonakin Numan da Bacita da Sunti da Lafiagi da ke ƙarƙashin rake sau da yawa. Kuma ko an shuka, kofin shayi ne zai fara kai ƙoƙon bara kafin tankin mota, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na sukarin da Najeriya ke sha ɗanye ake shigo da shi a tace a Legas, mafi yawansa daga Barazil.